Kaka Laraba da Sunan da Aka Kira Sau Ɗaya

Bana shekara arba'in ke nan da muka kai Kaka Laraba makwancinta a Tsiga. Ita ce ta haifi babana. Ranar da ta rasu ina saurayi, gemu bai gama yanke shawarar fitowa ba, yau ga shi ya yi fari fat har jikoki na wasa da shi. Waɗanda suka san ta sun ƙare saura ɗaiɗaiku, shi ya sa na ce bari in ari wannan fili in ba da labarinta tun ina da bakin bayarwa. Kada mai karatu ya shirya kuka. Matar nan ba ta bar mana abin kuka da yawa ba, dariya ta bar mana.

Ba wanda ya san shekarunta, har ita kanta. In an tambaye ta sai ta ce an haife ta tun Bature bai san hanyar Katsina ba, wanda ke son lissafi ya je ya yi. Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki. Ni ne mijinta na wasa, kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jika, kuma ban taɓa shiga ɗakinta na fito ba ta ce na cika rowa ba. Duk ƙasar Bakori da Laraba aka san ta. Ba shi ne sunanta na yanka ba, kuma ba a Tsiga aka sa mata shi ba.

Tana ƙarama, ba ta kai ɗaukar tulu ba, mahara suka faɗa wa ƙauyensu ana tsakar girbin dawa. A nan mahaifinta ya kwanta dama. Ita kuwa aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu ana gangarawa kudu, har ta tsinci kanta a Lakwaja, bakin kogin Kwara. A garin akwai gidan 'yan mishan, kuma a gidan akwai wata Kirista baƙar fata da ta taso tun daga ƙasar Saliyo ta zo aikin addininta. Aikinta shi ne fansar irin waɗannan yara, ta ciyar da su, ta yi jinyar masu gyambo da masu tari, ta koya musu wanki da ɗinki. Yaran na ce mata Iya. Ranar Laraba aka kawo kakata gidan, shi ke nan suna ya bi ta.

Kaka ba ta taɓa ɓoye mana wannan ba. Musulma ce ta gaske, carbi bai rabuwa da hannunta, amma in ta idar da salla ta jero iyayenta a addu'a, sai ka ji ta ƙara da cewa Allah ya saka wa Iya da alheri. Wani malami ya taɓa yi mata magana a kai. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, ranar da nake fama da ƙwarƙwata da yunwa, kai kana ina?" Bai sake tayar da zancen ba.

Iya na da dabaru biyu. Ta farko, duk ranar da aka ce ayarin fatake ya sauka daga arewa, sai ta wanke wa yaran fuska tas, ta shafa musu mai har tsagar kumatunsu ta fito raɗau, ta jera su a bakin kasuwa ko wani zai gane tsagar gidansu. Ta biyu, ba ta yarda a kira yaro da sunansa na yanka. Ranar da ya zo za ta tambaye shi a keɓe, ta riƙe a ranta, ta laƙaba masa wani. Dalili kuwa, an taɓa cutar ta. Wani mutum ya zo yana kuka yana birgima wai ɗansa ne, ta ba shi yaron, daga baya ta ji ya sayar da shi a gaba. Tun daga ranar ta kafa doka: duk wanda ya ce yaro nasa ne, ya kira sunansa na yanka da bakinsa. In bai kira ba, ko hawayensa zai cika kogi ba za ta bayar ba.

Dabarar farko ta yi aiki. Bayan wasu shekaru, wani madugu mutumin Bakori mai fataucin kanwa ya ga tsagar mutanen yankinsu, Katsina Laka, a fuskar yarinya. Ya tsuguna ya tambaye ta garinsu, ta ce Tsiga. Da ya koma gida ya baza labari, labari ya kai kunnen uwarta, Inna. Da aka gama girbi, ayari zai sake tashi, sai ga Inna da ƙunshin kayanta ta ce da ita za a tafi. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, ta ce ko dafa wa fatake tuwo ne za ta yi a kan hanya. Haka ta taka ƙasa da ƙafarta tun daga Tsiga har Lakwaja.

To, a nan ne dabara ta biyu ta kusa ɓata komai. Kakata 'yar fari ce. Inna kuwa mutanensu Filanin gida ne da suka daɗe da zama Hausawa amma ba su yar da kunya ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta san da zamansa. Ita ma Kaka tun da aka yaye ta a ɗakin kakarta ta tashi, fuskar uwar tata daga nesa ta san ta. Saboda haka da aka fito da yaran, Inna ta yi musu kallo ɗaya, ta gane 'yarta, sai ta kawar da kai ta ja mayafi. Yarinya ita ma ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsun ƙafa.

Iya ta ce wa Inna ta kira sunan yarinyar. Inna ta ƙara jan mayafi. Madugu ya shiga tsakani ya yi bayani, ya ce al'adarmu ce, ai wannan kawar da kan shi ne babbar shaida. Kaka ta iya kwaikwayon Hausar Iya, mai gauraye da Nufanci, har mu riƙe ciki. Wai sai Iya ta riƙe ƙugu ta ce, "Mai kuka ya zo, ɓarawo ne. Wannan ko kuka babu. Ni ba ya bayarwa." Shi madugu bai san sunan ba, domin duk mutanen Tsiga ba wanda ya yi tunanin a gaya masa. Wa zai ce akwai ƙasar da ake tambayar uwa sunan 'yar fari?

Inna ba ta yi gardama ba. Ta samu gindin wata bishiya a ƙofar gidan mishan ta kafa zama, bayanta ga gidan, tana kaɗin auduga. Kullum in ta gama tuwon fatake nan za ta dawo. Ta dama fura ta ba kowane yaro na gidan, ban da ɗaya. Ta yi wa 'yan matan gidan kitso kaf, wanda ba su taɓa ganin irinsa ba, ban da ɗaya. Duk Bahaushen da ya wuce ya gani ya san wace ce 'yarta, ko makaho ne zai laluba ya gane. Iya kuwa tana leƙe ta taga tana ƙara tabbatarwa cewa matar nan ko ƙaunar yarinyar ba ta yi. Mata biyu ke nan, kowacce na son yarinya ɗaya har cikin ranta, kowacce kuma na ganin ɗayar ba ta da hankali.

Na taɓa tambayar Kaka me ya hana ta ruga ta rungume uwarta a huta. Ta zungure ni da sandarta ta ce, "Kai da ba ka da kunya ai ka ruga." Sannan ta ce ita fa tsoro take ji. Tana so ta tafi gida kamar ranta zai fita, amma ta ga yadda Iya ta rame bayan yaron da aka sayar, ta san ko ta rungume ba za a sake ta ba. Ta ce furar nan da ba a ba ta ba, ƙawayenta ke rage mata, kuma daga baya ta lura kullum Inna na cika wa babbar ƙawarta ƙwarya fiye da cikin mutum ɗaya.

Fatake suka sayar da kanwarsu, suka yi sayayya, lokacin komawa ya yi. Madugu ya ce ba zai bari damina ta tare shi da jakuna a hanya ba, da yarinya ko ba yarinya. Da hantsi aka ɗora wa jakuna kaya, na gaba har sun fara miƙa hanya. Iya ta fito ƙofar gida da yaranta suna kallo. Inna ta naɗe audugarta, ta ɗaura ƙunshinta a ka, ta bi bayan ayari.

Inna ta yi 'yar tafiya, sai ta tsaya. Ba ta juyo ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta fuskanci kogi, ta buɗe murya kamar mai tsawata wa akuya ta shiga gona.

"Sa'adatu! Wuce mu tafi."

Kaka ta ce jakin da ke kusa sai da ya zabura. Iya kuwa ta ƙwala ihu da yarensu, ta yar da abin da ke hannunta, ta hau rawa a tsakar titi tana kuka tana dariya, yaran gida na tafa mata. Ta ruga ciki ta kwaso zane da guzuri ta ɗora wa yarinya, sannan ta je ta rungume Inna, wadda ta sandare don kunya kamar an dasa ta. Har suka iso Tsiga Inna ba ta yi wa 'yarta magana kai tsaye ba, sai dai ta ce wa madugu, "A ce wa 'yar mutane ta sha ruwa." Kuma har ta koma ga Allah ba ta sake furta sunan ba.

In Kaka ta zo nan a labarin takan yi dariya har ta share ido. Ta ce da ba don taurin kan Kiristar nan ba, da ta zo duniya ta koma ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ta ce abinci da magani da Iya ta ba ta, wani mai tausayi zai iya bayarwa, amma wannan sai ita.

Nakan zauna in ce da Kaka za ta leƙo yau, me za ta ce? Na san babura za su ba ta haushi, waya kuma za ta ce munafuka ce. In ta shiga kasuwar Bakori ta ji matan yanzu na rangaɗa wa 'ya'yansu na fari kira tun daga wannan rumfa zuwa waccan, za ta riƙe baki ta ce sun mayar da abin arha, amma na san a ranta ba za ta ƙi ba. Abin da zai hana ta zama shi ne yaran da fitinar daji ta raba da iyayensu a 'yan shekarun nan. Ba za ta tsaya tambayar na wane ne ba, ko wane addini ne mai taimakon. Gidanta na Tsiga ban taɓa saninsa babu maraya a ciki ba, kuma da yawa daga cikin dattawan da nake kira baffa sai da na girma na san ba ita ta haife su ba.

Gonarta an raba, ɗakinta ya rushe an yi na siminti a wurin. Abin da ya rage mini na kaina shi ne wannan. Ni ma ɗan fari ne. Na tashi ina "yaron nan" da "wancan" a bakin mahaifiyata, ban kuma taɓa ganin laifinta ba. Ranar da zan tafi makarantar kwana a Funtuwa, an ɗaure akwatina a bayan keken babana, sai Kaka ta kira surukarta tsakar gida, gaban kowa, ta ce ta kira ni da sunana. Mahaifiyata ta ce, "Haba Kaka, don Allah ki rufa mini asiri." Kaka ta ce, "Sau ɗaya. Ba zan sake roƙon ki ba. Yaro zai yi nisa, ki ba shi ya tafi da shi." Aka yi ta ja, babana ya sulale waje. Can mahaifiyata ta juya ta fuskanci rumbu, ta ce, "Lawal, Allah ya kiyaye hanya." Ta shige ɗaki da gudu. Daga baya na ji haka Kaka ta yi wa kowace suruka da kowace 'ya tata, ba wadda ta tsira.

Makon jiya na je Tsiga gaida mahaifiyata. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma kunyar na nan daram. Na gaya mata zan rubuta labarin Kaka a jarida, har da na ranar tafiyata Funtuwa. Ta yi kamar ba ta ji ba. Sai da na tashi tafiya ta juya wajen matata ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan naki kada ya yi mini ƙari a takarda. Ni ban ɗaga murya ba, a hankali na faɗa."

Gaskiyarta, a hankali ta faɗa. Allah ya jiƙan Kaka da ta sa aka faɗa, domin har yau ina jin sa.