Sadiq Ya Kafa Tanti a Bakin Tafki

Jama'a, yau hassada ta hana ni cin abinci!

Muna wani mamak, wato shagon abinci, a Setapak nan Kuala Lumpur ni da madam, muna cin roti, zufa na zuba, sai ga kiran bidiyo. Abokina Sadiq ne daga Kanada, inda na ƙi zuwa karatu saboda tsoron sanyi. Wai shi kaɗai ya tuƙa kwalekwale, ya kafa tanti a bakin tafki! Ganyaye sun yi jajur. Cikin tantin har murhun itace, shayi na tafasa!

Na ce, "Kai da ko kwata ba ka iya tsallakewa?"

Ya ce, "Kwana uku zan yi."

Madam ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ni ko kwalekwalen tafkin Titiwangsa da ke nan kusa ba a taɓa kai ni ba."

Wallahi tapau na yi da rotin, aka ƙunshe min na tafi da shi gida!