Gilashin da Na Cire

Na'urar tana nan ƙarƙashin gadona a Yamai, kashi uku, kowane cikin buhunsa. Matata ta sha cewa in ba ta babban akwatin ta zuba albasa, ni kuma na kasa.

Ni na zana ta. Na'urar eko ce, irin wadda ake goga wa mai ciki a ga kwanciyar ɗa. Ta birni ta kai firji girma, tawa kuwa na rarraba ta yadda mutum ɗaya zai ɗauka: kan da ake gogawa, akwatin batir mai shan rana, da ƙaramin akwatin da ke tura hoto ta rezo, wato layin wayar salula, zuwa wurin lokotoro, likitanmu a Yamai. Shi zai duba, amsarsa ta dawo a rubuce, layi guda. In kashi ɗaya ya lalace, a zare shi a sa wani. Shekara biyu na yi a kanta, kuma kaina ya kumbura ba kaɗan ba.

A zanen farko kashi huɗu ne. Na huɗun gilashin kallo ne, wanda mai gogawa za ta ga hoton da idonta. Na cire shi. Na gaya wa abokan aiki yana cin batir, kuma gaskiya yana ci. Abin da ban faɗa ba shi ne ban yarda matar ƙauye za ta iya karanta hoto ba.

Ƙauyenmu na Kurfai na fara kai ta, tafiyar rabin yini a amalanke daga Filinge. Ungozomar ɗakin shan maganin garin tsohuwa ce, ita ta yanke mini cibiya. Sati guda ina koya mata, ina nuna mata hotuna a kwamfutata. Kwana uku ba su cika ba ta fara riga ni cewa ga kai, ga mabiyiya. Ranar da zan tafi ta jujjuya akwatin, ta ce, "To ɗana, ni ta ina zan gani?"

Na ce, "Inna, ke dai ki goga. Lokotoro zai gani."

Ta ce, "Shi da ad da ido can, ni da ad da hannu nan. To, Allah shi sa albarka."

Na yi dariya, na hau mota.

Wata bakwai na'urar tana aiki lafiya lau. Mutanen gari suka yarda da ita fiye da yadda na so. A da in tsohuwar ta taɓa ciki ta ce a tafi Filinge, ba mai musu. Yanzu sai a ce mata a jira akwati ya yi magana.

Ana tsakiyar girbin gero wasu mutane suka ƙone injin antan, dogon ƙarfen da ke ba yankin rezo. A satin nan ƙanwata, mai cikin wata takwas, ta ga jini kaɗan. Tsohuwar ta goga mata, hoton ya shiga akwati ya zauna yana jiran rezo. Ta ce hannunta bai ji daɗin cikin nan ba, a ɗaura jaki a amalanke a kai ta Filinge. Mijin, mutumin kirki ne wallahi, ya dubi geronsa zube a gona, ya dubi hanyar da kowa ke tsoro saboda 'yan bindiga, ya ce tun da jinin ya tsaya, a jira amsa. Ƙanwata ma ta goyi bayansa. An ce cewa ta yi, "Abin yayana ne, ba shi ƙarya." Sau biyu mijin yana hawa dutsen bayan gari da akwatin a ka, ko zai kama rezo.

Rana ta huɗu da hantsi jinin ya ɓalle. Sun ɗaura jakin. Ba su kai rabin hanya ba suka juyo.

Labarin rasuwarta ya iske ni ta bakin direban kasuwa. Na iso an riga an rufe ta. Ba wanda ya ɗora mini laifi, har babarmu, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Kashegarin sadakar uku aka gyara antan. Ina zaune a ɗakin shan magani da rana tsaka sai akwatin ya yi ƙara, hoton ya tafi. Ba a jima ba amsa ta dawo: a kawo ta yau, kada a kwana. Na buɗe kwamfutata na sauko da hoton, don ni ina da ikon gani.

Tsohuwar ta matso kujera. Ba ta ko sa madubin idonta ba. Ta ɗora yatsa a ƙasan hoton, daidai inda mabiyiya ta sauko ta tare hanya.

"Ga ta nan," ta ce. "Da ka bar min wurin gani, da na nuna mishi. Da ya ɗamre jakin tun ran nan."