Shiƙar Inna a Hannun Wata

A shekarata ta uku a jami'a, a Dutse, malaminmu na wasan kwaikwayo ya ce bana babu rubutaccen wasa. Mu za mu ƙirƙiro abinmu da jikinmu. Muka ture kujeru muka zauna a da'ira, ya ce kowa ya kawo wani motsi da ya taso yana gani a gidansu. Sai ya kafa doka guda: duk wanda ya kawo abu, ba shi zai yi shi a gaban jama'a ba, wani zai koya wa. Na gyaɗa kai tare da kowa, don ban san ni dokar za ta ci ba.

Ni shiƙar Inna na kawo. Mahaifiyata ke nan, shekara biyu da rasuwarta a lokacin. A garinmu Taura, in za ta shiƙe gero, sai ta lashi yatsa ta ɗaga sama ta ji inda iska ta nufa, ta ɗan karkata kafaɗar hagu, ta ƙwanƙwasa ƙwarya sau biyu, sannan ta zubo. Na gwada a gabansu. Malam ya ce, "Wannan shi ne tsakiyar wasanmu." Daɗi bai gama ratsa ni ba ya nuna wata 'yar ajinmu ya ce ita za ta yi.

'Yar unguwar Takur ce a nan Dutse, 'yar ma'aikata, wadda ko ƙaiƙayi bai taɓa shiga idonta ba. Ni kuwa aka ba ni iska. Wato in tsaya can baya ina kaɗa farin zane.

Na yi kishi, ba zan ɓoye ba. Na sami Malam a ofis na ce, "Malam, uwata ce fa." Ya ce, "Na sani. Shi ya sa in ke kika yi, kuka za ki yi mana, mu kuwa shiƙa muke so."

To, na ce a raina, za ta gane kurenta. Na zama mugunyar malama. In ta ɗaga yatsa in ce ba haka ba. In ta karkata in ce ta cika yanga, Inna ba rawa take yi ba. Na sa ta maimaita ƙwanƙwasar nan har gaɓoɓin yatsunta suka yi ja, ina jira ta yi zuciya ta ajiye ƙwaryar. Ba ta ajiye ba. Kullum sai ta ce, "Sake nuna mini, don Allah." Haƙurinta ya fi komai ba ni haushi. Ashe duk tsanantawar da nake yi gyara ta nake yi.

Ranar wasan, bayan la'asar, Baba ya zo daga Taura, ni na gayyato shi. Ta bayan zanen da nake kaɗawa ina hango shi. Da yarinyar ta lashi yatsa ta ɗaga, na ga ya gyara zama. Da ta ƙwanƙwasa ƙwarya sau biyu, ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Ko ranar jana'iza ban ga hawayen Baba ba, sai ran nan, kuma ba ni yake kallo ba.

Da aka tashi ya ce, "Kira mini yarinyar nan." Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya daɗe yana dubanta, ya tambayi garinsu, ya tambayi ko tana da dangi a wajenmu. Ta ce a'a, Baba.

A hanyar tasha ya ce, "Ikon Allah. Kamar an dawo mini da ita. Ke kuwa ban gan ki ba a ciki."

Na ce, "Ni ce iska, Baba."

Ya ce, "Au, to."

Muka ɗan yi tafiya. Na kasa daurewa na ce, "Ni fa na koya mata duk abin da ka gani."

Ya tsaya ya gyara hula, ya ce, "Lallai ta iya. Allah ya yi mata albarka."