Tumun Bana Ni Yake Jira

Madawa, Laraba

Ƙarhe biyar da rabi, ana sallame asuba, na rataya jaka na nuhi tasha. Ga murna, ga hwaɗuwar gaba. Jiya ƙanwata Rabi ta kira ni: "Yaya, gero ya nuna. Rumbu ya ƙare, sati biyu yara na cin kwaɗon tahwasa, Inna kuwa ta hana a taɓa gona sai ka zo."

A gidanmu ba a cin sabon gero sai mai gida ya karya zangarniyar hwarko, ya gasa tumu, tsohuwa ta ɗanɗana. Baba ya rasu da rani. Ni ne babba yanzu, ni da na shekara goma sha biyu ina saida albasa, ko hauya ban riƙe ba!

Mota ta cika ƙarhe bakwai, jikka biyu kowa. Wajen hita gari jandarma ya karɓi kartina na shaida. "Ina zuwa, Malam?" Na ce, "Cin tumu." Ya yi dariya, ya ce in aje mashi nashi.

Buza

Tara da kwata munka iso. Na ci masa da zuma a tsaye, don babu motar Kaita ranar. Wani mai kabu-kabu, Illa, ya ce zai kai ni in ban tsoron ruwa. Tsoron ruwa? Ni da yara ke jira?

Kai jama'a, ƙasar Adar da damana! Duwatsun da na sani baƙi ƙirin sun yi kore shar, gero ya hi ni tsawo dama da hagu. Ina ta ihu a bayan babur har Illa ya ce, "Alhaji, riƙe ni dai, bar nuna gona."

Sha ɗaya da rabi korama ta tsaida mu. An yi ruwa bisa tudu, ga shi nan jajir yana jan itace. Awa ukku muna zaune. Da ya sauka zuwa gwiwa, samari huɗu sunka ɗauki babur a kahwaɗa, na bi su da wando a naɗe. Takalmina ɗaya ya tahi da ruwa, ban ko waiga ba.

Gida, gabas da Kaita

Ana la'asar munka shiga gari. Ko ruwa ban sha ba, gidan duka ya bi ni gona, Rabi na riƙe da hannun Inna don idonta ya yi rauni. Na hango wata zangarniya da ta hi sauran bushewa, na yi bisimilla, na karya da ƙarhina, na miƙa.

Sai Rabi ta toshe baki.

Inna ta shahwa ta da yatsa. "Wagga shibra ce. Tsuntsu ya shuka ta, ba mu ba."

Wayyo kunya! Geron daji na karya gaban ɗiyan ƙannena. Sunka kwashe da dariya, ni ko na ji awa in nutse cikin kunyar gona. Inna ba ta yi dariya ba. Ta laluba ta kama hannuna, ta aza shi bisa wata mai kauri, ta danna babban yatsana kan tsaba. "Ji. In ta cika ta yi tauri, ita ce."

Na karya. Munka hura wuta da kara nan bakin gona, na gasa har ƙamshi ya tashi, na murje a tahi, na hure, na zuba mata. Ta tauna a hankali, yara sun zuba mata ido, ba mai motsi.

"To, ku ci."

Sunka ruga cikin gona da gudu. Inna kuwa, wadda tun haihuwata ba ta taɓa kirana da kowane suna ba don ni ne ɗan hwari, ta miƙo mani sauran tsabar da ke tahinta.

"Karɓi, mai gida."

Na ci ina hawaye, ƙahwa ɗaya ba takalmi. Na gode wa Allah da ya kai ni, na gode wa Illa da samarin korama. Allah shi maimaita muna.