Layi Huɗun da Na Goge

Ni ne na yi kuskure, kuma na ɗauki kwanaki kafin in amsa.

A wani gida da aka mayar ofis a Nassarawa GRA nake aiki. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai dai Turancina ba laifi, shi ya sa aka ba ni duba rubutu. Abokan aikina suna gyara kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Duk gyaran da za a aika wa masu kula da ita a ƙasashen waje sai ya tafi da bayanin dalilinsa. Ni nake karanta bayanin kafin a aika.

Akwai wata malama 'yar Zariya a cikinmu, wadda a da koyarwa take yi. Gyaranta na farko layi ɗaya ne tak: kwamfuta ta ɗan dakata kafin ta nemi katin intanet, wato 'yar na'urar da ke haɗa ta da intanet. Amma ta yi masa bayani har layi huɗu, wai idan an ɗauke wuta janareta ya karɓa, wutar takan yi rawa, katin ya makara wajen tashi. Da na karanta sai kunya ta kama ni. Na ce a raina mutanen can za su yi mana dariya, mun kai musu labarin janareta. Na goge, na bar "an ƙara jira". Ban gaya mata ba.

Bayan kwana uku amsa ta zo a dandalin da kowa ke karantawa. Mai dubawar ya ce ba a karɓar jira marar dalili, ya mayar da gyaran da sunanta a kai. Da malamar ta karanta, sai ta ce ita dai ta san ta rubuta dalili. Na ce wataƙila wajen aikawa ya faɗi.

Ba ƙaryar ce ta fara damuna ba, tambaya ce: da gaske katin nan yana makara? Ban taɓa gwadawa ba, kalmomi kawai nake karantawa. Da aka fita cin abincin rana na roƙi maigadinmu, wani dattijo mutumin Jigawa, ya kashe wuta ya tada janareta.

Ya ce, "Malam, wutar da muke roƙon Allah ya kawo, ita za ka sa in kashe?"

Sau uku muka yi. In babu gyaranta, katin ya yi shiru kamar babu shi. Da gyaranta, ya ɗan yi jim, sai fitilarsa ta kama. Na zauna ina kallon 'yar fitilar nan, ina tuna layi huɗun, kowanne da aikinsa.

Na same ta a baranda tana wanke hannu.

Na ce, "Malama, bayaninki ba faɗuwa ya yi ba. Ni na goge shi, don ina jin kunyar janaretanmu, sannan na yi miki ƙarya. Yau zan rubuta musu in ce ni ne. Don Allah ki yafe mini."