Labiba da Tasar Wanke Hannu

Duk Zongon Kwatano, in ka ce ka taɓa ganin Labiba mai waina a zaune, to wallahi wata ka gani. Ita ko salla ta idar, tana shafa addu'a ƙafarta ɗaya na lalubar takalmi. Nan Zongo aka haife ta, gidan Alhaji Abdulƙahar, tsohon direban babbar mota da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar garin Faraku. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gidan ubanta da 'yarta Asiya, ta kafa tanda a bakin titi. 'Yan zem, masu kabu-kabun garin, su ne manyan masu cinikinta, kuma su suka laƙaba mata Iska.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin zafin namanta: cikin Asiya. Yarinya ba ta kai shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ta san hanyar asibiti kamar gidansu. Ta yi gudawa, ta warke, ta ɗan yi kumatu, sai abin ya dawo. Wasu suka ce haƙori ne, wasu suka ce baki ne. An sha rubutu, an sha jiƙo. Wuyan yarinya ya zama kamar na kaza, Labiba kuwa tsoro ya hana ta sukuni, don ita kenan gare ta.

Ana haka ma'aikatan lafiya suka tara masu sayar da abinci a wata rumfa kusa da kasuwar Gbégamey, za a yi musu horo kan tsabtar abinci. Labiba ta je ne tana mita, ƙullunta na can yana tashi. Aka yi maganar rufe abinci, da ƙuda, da raba wuƙar nama da ta ganye, duk tana kaɗa ƙafa tana duban hanya. Sai malamar, Madam Wassila, ta ajiye roba da ruwa, ta sa mata suka wanke hannu ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama ta ɗaga robar ta zagaya da ita, tana tambaya wa zai yarda ya zama na ƙarshe. Ta ce ruwan wanke hannu zubawa ake yi, da sabulu, ya wuce, ba a tara shi.

Ƙafar Labiba ta daina kaɗawa. A gidansu akwai tasar tagulla, gadon kakansu mai fataucin goro. Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, 'yan'uwanta maza kan zo cin tuwo wurin Baba. Baba ke fara tsoma hannu, sai yaya Munzali makaniki daga unguwar Akpakpa, sai Kader mai sayar da raguna daga unguwar Agla, sai baƙi. Daga nan tasa ta shiga cikin gida wurin mata, ba a canza ruwa, wai yara su sami albarkar hannun manya. Mai ƙarshe kullum ita ce ƙaramar gida, Asiya. Labiba ba ta jira an tashi ba, ta tari zem ta nufi gida.

To amma wa zai ce da Alhaji Abdulƙahar albarkarsa na sa ciwo? Ta yi ta kai da kawo a tsakar gida duk satin, ta shirya magana ta warware, har waina ta ƙone mata a tanda, abin da bai taɓa faruwa ba. Ranar Juma'a ta yi ƙarfin hali, ta shiga zaure da buta da sabulu ta durƙusa. Nan ta tafka kuskure, don buta a gidan nan aikinta sananne ne, ta ban-ɗaki ce. Baba ya dube ta, ya dubi tuwo.

"Buta, Labiba? A gaban abincina? Abin da aka koya muku kenan a wurin taron?"

Munzali ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Haka ta kwashi butarta ta fita, kunya kamar ta nutse, aka kawo tasa kamar kullum. A cikin gida dai ta janye Asiya gefe ta zuba mata ruwa daban. Goggon Labiba ta gani, ta ce wato yanzu 'yar marainiya za a raba da albarka, ta kuma rantse in Labiba na bakin tanda ita da kanta za ta tsoma hannun yarinyar. Labiba ta san za ta aikata.

Juma'ar da ta biyo, ta bari aka kawo tasa kamar kullum. Tasa ta zaga maza, ta shiga cikin gida ta zaga mata. Maimakon Labiba ta ajiye wa yara a tsakar gida, sai ta ɗauko ta da hannu ɗaya, ta jawo Asiya da ɗayan, ta koma zaure. Ta dire tasar daidai gwiwar mahaifinta.

"Baba, yau a gabanka za ta karɓi albarkar."

Tun rasuwar nasa uban, Alhaji shi ke fara wankewa, ruwa garau. Bai taɓa ganin inda ruwan ke ƙarewa ba. Ya leƙa. Ruwa ya yi toka-toka, maiƙon gareji na yawo a sama, ga gashin rago, ga wani abu da ba ya da suna. Asiya, da yake ta saba, ta naɗe hannun riga ta miƙa 'yan yatsunta.

Tsoho ya cafke wuyan hannunta. Da ya ji yadda yatsunsa biyu suka zagaye shi har da saura, sai ya bar tuwon, kuma ba wanda ya ƙara kai loma. Can ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko kullum haka yake isa gare ta. Labiba ta ce kullum, Baba.

Ya sa Kader ya kwarar da ruwan a kwata, ya ce a kawo moɗa da sabulu. Bai saki hannun jikarsa ba. Ya riƙe shi bisa tasar kakansu, wadda yanzu babu komai a cikinta, ya ce da Labiba ta zuba, daga nan za a fara.

Ta zuba. Da ta gama, ta zauna nan bakin tabarma tana share ido da gefen zani, har tuwonta ya huce.