Damina ta Bakwai

Ƙanena ya yi damina shida yana golmo, wato noman da saurayi kan yi wa uban yarinya shekara bakwai kafin a ba shi ita. Saura damina guda 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu kusa da Bena. Gudu ya raba mutane. Shi ya bi motar 'yan shanu har ya tsinci kansa a Jamhuriyar Nijar. Yarinyar da mahaifinta kuwa gidana suka sauka a Zuru.

Can aka rubuta sunansa, aka ba shi katin ɗan gudun hijira. Su kuwa nan ko takarda ba a ba su ba. Na je na tambaya, aka ce ai ba su tsallake iyaka ba, a ƙasarsu suke. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wuta ɗaya ta kore su, sai a ce wani ya fi wani gudu?

Maƙwabcina, tsohon soja da ya yi aiki a bakin iyaka, ya zaunar da ni. Ya ce Nijar da Benin da mu, kowa da yadda yake karɓar baƙo, amma a abu ɗaya bakinsu ya zo ɗaya: wanda ya koma gida da ƙafarsa ya zauna, ya nuna ba ya bukatar mafaka ke nan.

"Ki hana shi dawowa," in ji shi.

Na kira ƙanen nawa na faɗa masa. Ashe uban yarinyar ya riga ni. Da aka yi ruwan fari ya aika masa cewa gona ba ta san kati ba. In bai zo ya cika ta bakwai ba, shidan sun tashi a banza.

Ran kasuwa da hantsi sai ga shi, ya rame, ƙafa duk faso. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na kira shi wawa a gaban yarinyar. Ya ci tuwo, ya wasa fartanya, ya miƙo mini katin.

"Yaya, ajiye mini. Can ƙauye ba wanda zai tambaya."

Ɗan acaɓan da ya ɗauke shi ya ƙi wuce Wasagu, ya ce daga nan sai dai ƙafa. Kwana uku yana kirana kullum da azahar. Ran na huɗu ni na kira, wayar ta shiga, aka ɗauka. Na ji numfashi, na ji kukan shanu da yawa. Mu kuwa ba mu taɓa mallakar ko saniya ɗaya ba.